Nazarin Lamari: Mahayiyar da Ta Sayi Doki Sau Biyu Kafin Ta Samu Wanda Ya Dace da Gasar Rukuni Uku

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa ma'aikaciya ce mai shekaru 34, tsayinta santimita 163, nauyinta kilo 60, kuma hawan doki sha'awa ce a gare ta da take yi bayan tashi daga aiki, kwana biyar a mako, kimanin awa ɗaya a kowace rana. Ta yi kakar gasa biyu tana shiga matakin shingen santimita 80 a kan wani tsohon doki na aro wanda ya haddace aikin tun kafin ta san shi. Da tsufa ya kama dokin mai shi ya ajiye shi, sai ta yanke shawarar sayen nata, da niyyar hawa matakin santimita 90 a shekarar farko, sannan na santimita 100 a shekara ta biyu.

Gasar da take shiga ita ce gasar rukuni uku, wadda masu harkar ke kira ibentin, inda doki ɗaya da mahayi ɗaya suke fuskantar jarrabawa uku. Akwai gwajin ladabi, wanda ake yi a fage mai faɗin mita 20 da tsawon mita 40 ko 60, alƙalai suna duba tafiyar doki da biyayyarsa. Akwai tsallaken sanduna masu faɗuwa idan an taɓa su. Sai kuma ratsa daji, inda doki ke sukuwa a buɗaɗɗen fili yana tsallake kututture da rami da gangare, yana kuma faɗawa cikin ruwa, kuma yawancin shingayen nan kafaffu ne, ba sa faɗuwa. Tushen gasar gwajin dawakan soja ne. Ta shiga wasannin Olamfik a Sitokhom a 1912, lokacin hafsoshin soja ne kaɗai ke shiga, kuma FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya da aka kafa a 1921, ita ke tsara dokokinta na duniya.

Lissafin maki yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Makin laifi ake tarawa, wanda ya fi ƙaranci shi ne ya ci. A gwajin ladabi ana cire kason da alƙalai suka bayar daga 100, don haka wanda ya samu kashi 70 yana da makin laifi 30. Kowace sanda da ta faɗi maki 4 ce. A ratsa daji turjiya ta farko a gaban shinge maki 20 ce, ta biyu a shingen nan maki 40, ta uku kuwa fitarwa ce daga gasar, haka ma faɗuwar mahayi. Kowane sakan da aka ƙara a kan lokacin da aka ƙayyade yana jawo maki 0.4.

Janairu zuwa Maris na shekarar farko: saye na farko

Ta fara nema a watan Janairu ta hanyar tallace-tallacen intanet da hotunan bidiyo. Cikin mako bakwai ta je ta ga dawaki huɗu, na huɗun kuma shi ya shiga ranta tun kafin a ɗaura masa sirdi. Dandaƙaƙƙen doki ne akawal, ɗan shekara biyar, tsayinsa santimita 172 a doron kafaɗa, daga jinsin dawakan wasanni na nahiyar Turai. Sassarfarsa mai faɗi ce, kamar ba ya taɓa ƙasa, kuma a bidiyon talla an nuna shi yana tsallake sanda mai tsayin mita 1.20 ba tare da mahayi ba. Irin waɗannan dawaki sun samu kasuwa a gasar rukuni uku tun bayan da aka rage tsawon ranar ratsa daji, aka cire tseren shinge da doguwar tafiyar hanya, tsarin da aka yi amfani da shi a Olamfik na 2004, domin daga nan gwajin ladabi da tsallaken sanduna suka ƙara nauyi wajen tantance wanda zai ci.

Sau ɗaya ta hau shi, na tsawon minti 40, a cikin rufaffen fage na mai sayarwa, bayan wani ƙwararren mahayi na gidan ya riga ya motsa shi na minti 20. Ta tsallake sanduna har santimita 90 ba tare da matsala ba. Ta tambaya ko ya taɓa ganin shingen daji, aka ce mata an kai shi atisaye sau biyu kuma bai nuna tsoro ba, amma ba ta ga bidiyon hakan ba, ba ta kuma nemi a kai shi fili a gabanta ba. Dokin bai taɓa shiga wata gasa ba, saboda haka babu wani tarihin sakamako da za a duba. Mai horar da ita ba ta samu zuwa ba saboda nisa, bidiyon hawan kawai ta gani, ta ce dokin yana da kyau amma ƙuruciyarsa da girmansa sun sa tana so a sake gwada shi. An sanar da mai sayen cewa wani yana zuwa ganinsa a ƙarshen mako, sai ta ba da kafin alƙalami a ranar.

Gwajin likita da aka yi shi ne gajere, mai mataki biyu: duba doki yana tsaye, sannan tafiya da sassarfa a hannu tare da lanƙwasa gaɓoɓi. An ƙara da hotunan ƙashi na ƙafafu huɗu da na gadon baya, kuma duk sun fito tsaf. Kuɗin dokin ya cinye dukkan abin da ta ware, har da kason da ta yi niyyar ajiyewa domin darasi da sabon sirdi. Ya iso barga a tsakiyar Maris.

Afrilu zuwa Yuni: bayyanar matsalar

Makonni huɗu na farko sun tafi lafiya a cikin fage. A atisayen daji na farko, a ƙarshen Afrilu, dokin ya tsallake ƙananan kututture, amma ya kafe a bakin ruwa na kusan minti 15, sai da wani doki ya shige gabansa sannan ya bi. A bakin rami mai faɗin da bai kai mita ɗaya ba ya ja da baya, ya juya da sauri zuwa hagu, mahayiyar ta rasa likkafa ɗaya.

A gasar farko, a watan Mayu, a matakin santimita 90, ya samu kashi 71 a gwajin ladabi, wato makin laifi 29, wanda ya sa su na biyu a rukuninsu. Sanda ɗaya ta faɗi. A ratsa daji ya turje sau uku a bakin ruwa aka fitar da su. A gasa ta biyu, mako uku bayan haka, ya shiga ruwa amma ya turje sau ɗaya a rami, kuma suka wuce lokaci da sakan 45. Jimillar ranar ita ce 29 na ladabi, 4 na sanda, 20 na turjiya da 18 na lokaci, wato 71. A gasa ta uku, a ƙarshen Yuni, ya tsaya cak a gaban wani shinge mai rami a ƙarƙashinsa bayan ya riga ya ɗauki saurin tsalle, mahayiyar ta wuce ta kan wuyansa ta faɗi, ƙashin wuyan hannunta na dama ya tsage. Likita ya hana ta hawa na mako shida.

Yuli zuwa Nuwamba: abubuwan da aka gwada

Tun kafin faɗuwar an riga an sauya masa linzami zuwa mai tsanani, domin tsakanin shingaye yana jan hannunta har ta kasa rage masa gudu. Sabon linzamin ya hana shi jan, amma sai ya koma lanƙwashe wuya yana ɓoye baki a ƙirji, yana isa gaban shinge ba tare da ƙarfin turawa daga ƙafafun baya ba. An ƙara mata ƙaimi da gajeriyar bulala, abin da ya sa ya fara karkaɗa wutsiya yana harbin iska. An rage masa hatsi an ƙara busasshiyar ciyawa, ya ɗan lafa a barga, halinsa a bakin rami kuma bai sauya ba.

Da aka hana ta hawa, aka yi amfani da lokacin wajen binciken lafiyarsa, bisa ƙa'idar da likitocin dawaki ke bi cewa a fara kawar da zargin ciwo kafin a ɗora laifi a kan hali. An goge masa haƙora, an duba zaman sirdi an gyara cikinsa, an duba idanunsa. An toshe jijiyoyin ƙafa da allura ɗaya bayan ɗaya ba a ga wani ɗingishi da ya ɓoye ba. Da aka zura bututu mai kyamara cikin tumbinsa, an tarar da gyambon ciki matsakaici, cutar da ta yawaita a dawakan gasa, musamman waɗanda aka sauya musu wuri da abinci. An ba shi omefirazol, miligiram 4 a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum har kwana 28, kuma dubawa ta biyu ta nuna gyambon ya warke. Bayan haka ya daina cizon iska idan ana ɗaure majayin sirdi, ya ƙara ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi. Mai shi ta ɗauka an gano bakin zaren. A atisayen farko bayan maganin ya sake kafewa a ramin nan dai.

Daga tsakiyar Agusta aka kai shi wurin wani ƙwararren mahayi na mako takwas. Mutumin ya koma da shi farko: yana tafiya da shi a ƙasa cikin ruwa mara zurfi, yana tsallakar da shi ƙananan ramuka a tafiya kafin sassarfa, kusan kullum, har abin ya zame masa jiki. Ya shiga gasa biyu da shi a matakin santimita 90, ya kammala ɗaya babu laifin tsalle, ɗayar kuma da turjiya guda. Rahotonsa shi ne dokin yana iya aikin, amma a kowane sabon shinge yana ɗan jinkirtawa na ƙiftawar ido yana jiran mahayi ya tabbatar masa, kuma idan bai ji mahayi ya matsa shi da ƙafa da ƙarfi a wannan lokacin ba, sai ya zaɓi tsayawa.

Da dokin ya dawo hannun mai shi a watan Oktoba, fita ta farko ta yi kyau, a ta biyu turjiyar ta dawo. Mai horar da ita ta ɗauki bidiyo aka duba a hankali. Kimanin taku huɗu kafin kowane rami, mahayiyar tana sunkuyar da kai tana kallon ramin, kafaɗunta suna zuwa gaba, hannunta yana matse linzami, duk ba da saninta ba. An kuma lura cewa saboda faɗin jikin dokin da gajartar ƙafarta, dugaduganta ba sa sauka inda ya kamata su matsa. An yi darasi goma sha biyu a kan wannan cikin mako shida. Zamanta ya gyaru a kan wasu dawakan barga, amma a kan nata jikinta yana komawa yadda yake da zarar rami ya bayyana. A ƙarshen Nuwamba ta faɗa wa mai horar da ita cewa ba ta iya barci a daren da ke gaban kowane atisayen daji.

Disamba zuwa Fabrairu: sayarwa

An tallata dokin da bayanin gaskiya, har da tarihin turjiyarsa da gyambon da aka yi masa magani, ba don kirki kawai ba, domin sakamakon gasa a rubuce yake a ƙarƙashin sunan doki kuma duk mai saye zai iya dubawa. Bayan mako tara wata mai gasar ladabi zalla ta saye shi a kan kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin da aka biya. Idan aka haɗa da kuɗin likita, na ƙwararren mahayi da na ciyarwa na wata goma sha ɗaya, abin da ya rage mata domin saye na biyu bai kai rabin kasafin farko ba.

Maris zuwa Mayu na shekara ta biyu: nema na biyu

Wannan karon ita da mai horar da ita sun zauna sun rubuta sharuɗɗa kafin a kalli talla ko ɗaya. Shekarun doki su kasance tsakanin 8 da 13, tsayinsa tsakanin santimita 158 da 165. Ya kasance ya yi aƙalla kaka biyu a matakin santimita 100, wato mataki ɗaya sama da inda za ta fara, kuma a ƙarƙashin mahayi mai sha'awa irinta, domin sakamakon da ƙwararre ya samar ba ya nuna abin da dokin zai yi a hannun wanda ba ƙwararre ba. Za a hau shi aƙalla sau uku, ɗaya daga ciki a filin daji da bai saba da shi ba, mai ruwa da rami da gangare. Za ta kama shi da kanta a makiyaya, ta ɗaura masa sirdi, ta hau shi ba tare da wani ya riga ya motsa shi ba, ta fita da shi shi kaɗai, ta kuma ga yadda yake shiga motar ɗaukar dawaki. Ba a rubuta komai game da launi ko jinsi ko kyan sassarfa ba. Batun tsayi ya ɗan dame ta, domin ta saba jin cewa dokin gasa sai dogo, sai mai horarwar ta tuna mata cewa Charisma, dokin da Mark Todd na Niyu Zilan ya ci zinaren Olamfik da shi a 1984 da 1988, tsayinsa kusan santimita 160 ne.

Daga tallace-tallace sama da talatin, tarihin sakamako kaɗai ya rage su zuwa biyar, aka je aka ga uku. Na farko ɗan shekara takwas ne daga jinsin dokin tsere na Ingila, jarumi a daji, ba ya kallon rami sau biyu, amma bayan shinge na uku gudunsa ya fi ƙarfin hannunta, kuma da aka bincika sai aka ga cewa mai sha'awar da aka rubuta sunanta a sakamakonsa tana hawan dawaki shida a rana. An bar shi a ranar.

Ta biyu goɗiya ce 'yar shekara tara, mai sauƙin kai, wadda mahayiyar ta so ƙwarai. A tarihinta akwai giɓin wata goma sha ɗaya da babu gasa ko ɗaya, mai ita kuma ta ce karatu ne ya ɗauke mata hankali a lokacin. Likita ya shafa bayan ƙwaurin ƙafar gaba ta hagu ya ji ɗan kauri, na'urar sikanin kuma ta nuna tabon tsohon rauni a babbar jijiyar da ke lanƙwasa ƙafa. Raunin wannan jijiya yakan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin doki ya koma aiki, naman tabon ba ya da talewa irin ta asali, kuma sukuwa da dira daga tsalle su ne ainihin abin da ke sake tsinka ta. Likitan ya ce goɗiyar za ta iya yin shekaru tana yawon shaƙatawa, amma ba zai sa hannu cewa ta dace da ratsa daji ba. An janye, an yi asarar kuɗin gwajin.

Na uku dandaƙaƙƙen doki ne kili ɗan shekara 11, tsayinsa santimita 160, ruwa biyu tsakanin dokin tsere da ƙaramin dokin Konemara na ƙasar Ayalan. A gani na farko bai burge kowa ba: wuyansa gajere ne, sassarfarsa ƙanana, kansa kuma ya ɗan yi wa jikinsa girma. Tarihinsa ya nuna gasa 23 cikin kaka huɗu a jere babu giɓi, a ƙarƙashin wata yarinya da ta fara da shi tana shekara 14, kuma a 20 daga ciki ya kammala ratsa daji babu laifin tsalle. Makinsa na ladabi kullum tsakanin 35 da 39 yake. Dalilin sayarwa shi ne yarinyar tana son hawa matakin da ya wuce mita 1.10, dokin kuma a nan ƙarfinsa ya tsaya.

A gwaji na uku, a filin da bai sani ba, abin da ake tsoro ya faru: taku huɗu kafin rami mahayiyar ta sunkuya ta matse linzami. Dokin ya miƙa kunnuwa gaba, ya ɗan gajarta takunsa da kansa, ya tsallake. An maimaita sau biyar, a karo na huɗu hannunta ya saki.

Gwajin likita na dokin da aka zaɓa

An kira likitan da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, aka kuma gaya masa a rubuce aikin da ake so dokin ya yi: matakin santimita 90 zuwa 100, gasa shida zuwa takwas a shekara. An yi cikakken gwaji mai mataki biyar, wato dubawa a tsaye, sassarfa a hannu da lanƙwasa gaɓoɓi, aiki mai tsanani a ƙarƙashin mahayi, hutu, sannan sassarfa ta biyu domin a ga ko aikin ya tayar da wani ciwo. Mataki na uku yana cikin waɗanda aka tsallake a saye na farko, kuma a nan ne ake sauraron zuciya bayan sukuwa da kuma sautin numfashi, domin akwai shanyewar maƙogwaro, galibi a ɓangaren hagu kuma a dogayen dawaki, wadda ba ta bayyana sai doki yana gudu. Bugun zuciyarsa a hutu 36 ne a minti, cikin iyakar da aka sani ta 28 zuwa 44, numfashinsa kuma babu ƙara. An ɗebi jini aka adana na wata shida, yadda za a iya bincika ko an ba shi maganin kashe zafi ko na kwantar da hankali idan wani abu ya ɓullo bayan saye.

Gwajin bai fito tsaf ba. Bayan lanƙwasa ƙafar baya ta hagu, dokin ya ɗan ɗingisa a taku uku na farko, abin da likitan ya auna da ɗaya bisa goma, sannan ya daidaita. Hoton ƙashi ya nuna farkon zaizayewa a ƙananan gaɓoɓin da ke ƙasan gwiwar baya. Mahayiyar ta so ta janye nan take, domin hotunan dokinta na farko babu ko ɗigo. Likitan ya bayyana cewa waɗannan ƙananan gaɓoɓi motsinsu kaɗan ne, ana yawan ganin irin wannan sauyi a dawakan da suka yi shekaru suna tsalle, kuma dokin ya yi kaka huɗu a jere yana aikin da ake son ya ci gaba da yi ba tare da hutun jinya ba, abin da takardun likitansa na baya suka tabbatar bayan mai shi ta yarda a buɗe su. Ya rubuta cewa dokin ya dace da aikin da aka ambata, da sharaɗin a kula da gyaran kofato kowane mako biyar zuwa shida, a guji yawan tsalle a busasshiyar ƙasa mai tauri, kuma a sa ran cewa wata rana zai buƙaci allura a gaɓar. Kamfanin inshora ya cire gwiwoyin baya daga abin da zai biya. Mai sayarwa ta rage kashi ɗaya bisa goma na kuɗin, aka kammala ciniki a ƙarshen Mayu.

Yuni zuwa Oktoba: sakamako

An ba su mako biyar na sabo kafin gasa, aka kuma fara da matakin santimita 80 sau ɗaya, ƙasa da abin da dokin ya saba, domin mahayiyar ta kammala zagaye ɗaya ba tare da fargaba ba. Daga nan suka shiga gasa biyar a matakin santimita 90. A huɗu sun kammala ratsa daji babu laifin tsalle. A ɗaya sun samu maki 20 saboda ta shigo wani siririn shinge a karkace dokin ya goce ta gefe, kuma bidiyo ya nuna kuskuren layin nata ne. Makin lokaci ya sauka daga 12 a gasar farko zuwa 2.4 a ta huɗu, bayan an ƙara masa atisayen ƙaramar sukuwa sau biyu a mako, zagaye uku na minti huɗu-huɗu da hutun minti uku a tsakani. A dokokin Birtaniya, misali, saurin da ake buƙata a wannan mataki mita 450 ne a minti, wato hanyar mita 2,000 tana buƙatar kimanin minti 4 da sakan 27, gudun da ba ya gagarar ƙaramin doki mai jinin tsere idan ba ya ɓata lokaci a gaban shinge.

Sakamakonsu mafi kyau shi ne 36.5 na ladabi, babu sanda, babu turjiya, 2.4 na lokaci, jimilla 38.9, wanda ya ba su matsayi na shida. A watan Oktoba suka shiga matakin santimita 100 a karon farko suka kammala da sanda ɗaya da makin lokaci 8. A farkon shekara ta uku dokin ya fara taurin ƙafar baya idan ya fito daga barga, aka yi masa allurar da likitan ya yi hasashe, ya huta kwana goma ya koma aiki.

Hukunci

Dokin farko ba shi da aibun da za a kai ƙara a kansa, kuma babu shaidar cewa an yaudari mai saye. Lafiyayye ne, mai hazaƙa, kuma a hannun ƙwararre ya nuna zai iya koyon ratsa daji. Kuskuren yana cikin yadda aka gwada shi: gasar tana da rukuni uku, an duba biyu a rufaffen fage, an karɓi na ukun a bakin mai sayarwa, alhali na ukun ne ke ɗauke da maki mafi nauyi da haɗari mafi girma. Ratar da ke tsakanin dawakan biyu a gwajin ladabi maki bakwai zuwa takwas ce, turjiya guda kuwa maki 20 ce, don haka kyan sassarfar da ta cinye kasafin farko ba ta isa ta biya ko rabin tsayawa ɗaya a bakin rami ba.

Linzami mai tsanani da ƙaimi sun gaza domin sun nufi gudu da taurin kai, matsalar kuwa rashin tabbas ce a ɓangarorin biyu. Maganin gyambo ya zama dole kuma ya yi aikinsa, sai dai ciwon ya zo ne tare da matsalar, bai haife ta ba. Horon ƙwararren mahayi ya gyara dokin a ƙarƙashin ƙwararren, amma bai iya ba wa mai shi ƙafar da matashin doki ke jira a wannan ƙiftawar ido ba, kuma kowace turjiya tana ƙara mata ɗabi'ar da ke jawo ta gaba. Ɗan shekara biyar da bai taɓa gasa ba yana neman wanda zai koya masa, ita kuma kaka biyun da ta yi a kan tsohon dokin aro sun ɓoye mata cewa dokin ne yake yanke shawara a gaban shinge, abin da a ganina mai horar da ita ya kamata ta faɗa mata ƙarara tun a watan Janairu, maimakon ta tsaya a kan shawarar a sake gwadawa.

A saye na biyu abubuwa uku ne suka yi aiki. Tarihin sakamako ya tace dawakan kafin ido ya gan su ya so su, shi ne kuma ya tona giɓin goɗiyar. Gwaji a baƙon fili ya nuna abin da dokin ke yi a daidai lokacin da mahayiyar ta yi kuskurenta na kullum. Gwajin likita kuma an karanta shi ne bisa aikin da aka ambata, shi ya sa tabon jijiya ya hana ciniki, zaizayewar gwiwa kuma ba ta hana ba. Wannan zaɓi yana da farashinsa: dokin ba zai wuce mita 1.10 ba, makinsa na ladabi da wuya ya sauka ƙasa da 35, gwiwarsa ba ta cikin inshora, kuma a shekara 11 kakannin gasar da suka rage masa ƙidayayyu ne. Idan mahayiyar ta kai matsayin da take son wuce matakin santimita 100, za ta sake komawa kasuwa neman doki na uku.